Bayani Kan Yadda Ƙanƙara Ke Kayar da Ƙananan Jiragen Sama Lokacin Sauka

Sau da yawa mukan ji labarin ƙaramin jirgin sama ya faɗi yana dab da sauka a Turai ko Amurka lokacin hunturu, a ce ƙanƙara ce sanadi. Jama'a da dama kan ɗauka nauyinta ne ke rinjayar jirgin. Nauyin yana da tasiri, amma babbar illar tana ga fukafukai.

Abin da ke riƙe jirgi a sama shi ne iskar da ke bi ta kan fukafukansa da gudu, don haka ake ƙera su sumul. A cikin gajimare mai tsananin sanyi akwai ɗigon ruwan da sanyinsa ya wuce sifili amma bai daskare ba. Da zarar ya bugi gaban fiffike sai ya daskare nan take. Ko da kaurin ƙanƙarar bai taka kara ya karya ba, kaushinta kan hargitsa tafiyar iskar, har jirgin ya buƙaci gudu fiye da na kullum kafin ya iya zama a sama. Lokacin sauka kuwa shi ne lokacin da matuƙi ke rage gudu, ga ƙasa kusa, babu sararin gyara kuskure. Ƙananan jirage sun fi shiga wannan hali domin sun fi daɗewa cikin gajimaren ƙasa-ƙasa, kuma siraran fukafukai sun fi saurin tara ƙanƙara. Titin sauka mai santsi shi ma matsala ne, domin birki ba ya kamawa sosai.

Misali shi ne abin da ya auku ranar 16 ga Fabrairu, 2005, kusa da filin jirgin sama na Pueblo a jihar Kolorado ta Amurka. Jirgi samfurin Cessna Citation ya faɗi yana shirin sauka, mutum 8 da ke cikinsa duka suka rasu. Irin wannan jirgi yana da roba a gaban fukafukansa, wadda ake hura wa iska ta kumbura ta farfasa ƙanƙara. Hukumar binciken haɗarin sufuri ta Amurka ta gano cewa matuƙan ba su lura da raguwar gudunsu ba, kuma ba su kunna robar a kan hanyar sauka kamar yadda ƙa'ida ta tanada ba. Har ila yau ta ɗora wa hukumar kula da sufurin jiragen sama wani ɓangare na laifin, saboda ƙa'idojinta ba su tabbatar da cewa na'urar gargaɗi za ta yi ƙara da wuri idan akwai ƙanƙara ba. A ganinmu wannan ɓangare ya fi tayar da hankali, domin matuƙi a kan na'urar yake dogara. Wani jirgi irinsa da ke biye da shi ya sauka lafiya a filin.

Kada mu ɗauka zafin ƙasarmu ya raba mu da lamarin. Duk mita 1,000 da aka hau, zafi kan ragu da kusan digiri 6 da rabi. A Yulin 2014 babban jirgin Air Algérie da ya tashi daga Wagadugu ya faɗi a Mali, mutum 116 suka rasu, kuma bincike ya nuna ƙanƙara ce ta toshe na'urorin awo na injinansa, alhali ba a kunna na'urar hana daskarewa ba.