Ƙaton kwandensa ba ya ƙirga awanni

A TikTok da YouTube ba a rasa bidiyon da ke koya wa matasa haɗa na'urar da za ta kashe injin burtsatse, ko ta juya ƙwai a injin ƙyanƙyasa bayan wasu awanni, da IC mai lamba 555 kaɗai. Wai a samo ƙaton kwandensa da resista mai yawan lamba, shi ke nan. Yaro ya je kasuwar Sabon Gari ya kashe 'yan kuɗinsa, ya ƙone yatsu da dalma, sannan tanki ya cika ya yi ta malala, rile ko motsi bai yi ba.

Ba laifin 555 ba ne. Tun da Hans Camenzind ya tsara shi a 1971 wa kamfanin Signetics na Amurka yake aikinsa, muddin daƙiƙoƙi ake nema ko 'yan mintoci. A takarda kuwa lissafin awa ɗaya yana fitowa tsaf: a ninka resista da kwandensa da 1.1, megohm 1 da maikrofarad 3,300 su ba da kusan daƙiƙa 3,600. Abin da masu bidiyon ba sa faɗa shi ne, 555 yana jira ne sai caji ya kai kashi biyu cikin uku na ƙarfin batir, wato bolt 8 idan batirin na bolt 12 ne. Kafin a isa nan, wutar da ke ratsa resistan ta ragu zuwa maikro'amf 4 kacal, shi kuma irin wannan kwandensan yana yoyo ta ciki, yoyon na ƙaruwa da zafi. Kamar a ce ana ɗura wa randa mai tsaga ruwa ɗigo-ɗigo ne: abin da ke fita yana iya kamo abin da ke shiga, ruwa ya tsaya a wuya har gobe. Ko an yi sa'a ya cika, lambar da ke jikin kwandensan kan kauce da kashi 20 cikin 100, minti 12 ke nan a kowace awa. Na'urar da ta yi daidai da sanyin hunturu za ta canza hali a watan Afrilu.

Maganin ya daɗe a cikin agogon hannu: a bar jira, a koma ƙirge. Kiristal na agogo yana kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa, IC mai lamba 4060 ya raba shi da 16,384, a samu bugu 2 a daƙiƙa. A jona masa IC mai lamba 4020 ya sake rabawa haka, zagaye ɗaya ya kai awa 2 da minti 16, kuma zafi ba ya taɓa shi sai kaɗan. 

Saura ɗaukewar wuta. Da zarar ta tafi ƙirgen ya koma sifili, don haka a ɗora na'urar kan batir, tunda waɗannan IC ba sa cin wuta sosai. Mai son aikin makonni ya nemi IC na agogo mai lamba DS3231 mai ɗan batirinsa, wanda kuskurensa bai wuce kimanin minti 1 a shekara ba. Injin burtsatse kuwa kada a ɗora shi kai tsaye kan ƙaramin rile. Rilen ya kunna kwantakta, kwantakta ta ɗauki nauyin injin, a kuma rufe ɓangaren bolt 230 cikin akwatin roba inda hannun yara ba zai kai ba.