Ƙura Ce Ke Kashe Ƙananan Jiragen Ƙasa



Yau zan kai ku birnin Hambug na Jamus, gidan Miniatur Wunderland da tagwaye Frederik da Gerrit Braun suka buɗe a 2001. Komai a can an ƙanƙanta shi sau 87: jiragen ƙasa, motoci, har filin jirgin sama. Motocin kuwa, ɗan maganaɗisu ne ke jan akalarsu, yana bin wayar da aka binne ƙarƙashin titi.

To me ke kashe irin waɗannan kaya masu motsi? Ƙura, jama'a! Sai ta shige haƙoran inji, ta cakuɗe da tsohon mai, ta daskare. Injin ya yi ta fama, ya ɗau zafi, ya ƙone.

Shi ya sa mai gyara yakan fara kashe wuta, ya share da burushi mai laushi, ya duba ko waya ta kwance, sannan ya sa ɗigo ɗaya tak na man da ba ya cin roba. In mai ya yi yawa, ƙura yake gayyata.

Ni dai shawarata: kafin ka ce abu ya mutu, share shi tukuna.

Sai shiri na gaba.