Taɓin Hankali da Hanyoyin Maganinsa a Kano

Taɓin hankali rukuni ne na cututtukan da ke dagula tunanin mutum da ɗabi'unsa, har su hana shi gudanar da harkokinsa na yau da kullum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ɗaya daga cikinsu. Akwai ciwon damuwa mai hana barci da cin abinci, da yawan fargaba, da ciwon da ke sa mutum jin muryoyin da babu su, da rikicewar da kan sami wasu mata bayan haihuwa.

A Kano, da an ambaci lalurar, hankalin jama'a kan tafi ga masu yawo cikin tsumma a wuraren cunkoso irin su kewayen tashar jirgin ƙasa. Tun da layin dogo ya iso birnin a 1911, yankin Fagge da Sabon Gari ya zama matattarar baƙi da 'yan ci-rani, kuma a irin wannan waje ne wanda ya ɓace wa danginsa kan yada zango. Amma mafi yawan masu lalurar suna cikin gidaje da shaguna. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da karayar arziki ta hana shi runtsawa, da ɗan dakon da ya dogara ga tiramol don jure aiki, duk suna bukatar kulawa.

Sanadin cutar ya haɗa da gado, da firgici, da talauci, da shaye-shaye. Ɓarnar da maganin tari mai kodin ya yi a Arewa ce ta sa gwamnatin tarayya ta haramta shi a 2018.

Iyalai da dama kan fara da ruƙiyya da rubutun sha, saboda zaton aljanu ko sammu. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti; illar tana cikin jinkiri da ɗaure majinyaci. Samamen da jami'an tsaro suka kai gidajen mari a Kaduna da Katsina a 2019 ya bankaɗo mutane cikin sarƙa da tabon bulala.

Ana duba masu lalurar a asibitin Dawanau da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, akwai kuma asibitocin tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato. Likita kan saurari majinyaci da danginsa, ya tantance cutar, sannan ya rubuta ƙwayoyi ko allurar wata-wata. Maganin damuwa kan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa, kuma daina sha da zarar an ji sauƙi na daga manyan dalilan dawowar ciwo. Mai ba da shawara kuwa zama yake da majinyaci cikin sirri, yana taimaka masa ya gane tunanin da ke wahalar da shi, ya koyi dabarun sarrafa shi.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi kare mutuncin majinyaci. Ƙarancin likitoci da tsadar magani da tsangwama su ne manyan cikas ga aiki da ita.