Daga Markaz Zuwa Babban Asibiti: Wa Ke Bin Sawun Majiyyaci a Hajj Yusuf?

Duk wanda ya taɓa jinya a Sudan ya san kalmar "tahwil". Ita ce takardar da ma'aikacin ƙaramin asibiti yake rubutawa idan ciwo ya fi ƙarfinsa, ya danƙa wa dangi ya ce a yi gaba. A Hajj Yusuf, babbar unguwar nan ta gundumar Sharg an-Nil da ke gabas da Bahri, inda 'yan Darfur da mutanen duwatsun Nuba da Hausawa jikokin mahajjata suke maƙwabtaka, asibitin unguwa shi ake kira markaz. Nan ake awon ciki, nan ake rigakafin yara, nan ake gwajin zazzaɓin cizon sauro. Abin da ya wuce haka, sai tahwil.

Mu ɗauki misalin mace mai cikin wata takwas da ta zo awo da safe, ƙafafu a kumbure, kai yana sara mata. Daya, wato ungozoma, ta auna jininta ta ga ya hau, ta gwada fitsari ta ga alamar da ke zuwa kafin jijjiga. Ta yi mata allurar farko, ta yago takarda ta rubuta layi uku, ta dubi mijin ta ce, "Yaya, kada ku biya gida, ku wuce da ita yanzu." Ya tare raksha, keken da Kanawa ke kira A Daidaita Sahu, suka ɗauki hanyar asibitin Ban Jadid. Daga nan labari ya yanke wa ungozoma. Sun isa? Sun samu gado? Ko kuɗi ne suka gaza, aka koma gida ana jiƙa sassaƙe? Shi kuma likitan da zai karɓe ta, in gumi ya cinye rubutun ko takardar ta faɗi a hanya, bai san an riga an yi mata allura ba, balle ya san ƙarfe nawa aka yi.

Tun 1994 wasu masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, suka bayyana jinkiri uku da ke halaka masu haihuwa: jinkirin yanke shawarar fita daga gida, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Biyun ƙarshe duk a tsakanin ƙofar markaz da gadon babban asibiti suke faruwa, wurin da babu mai tsaronsa.

Don toshe wannan giɓi, manhajoji iri biyu ne ake magana a kansu, kuma mutane kan ɗauka abu ɗaya ne. Ta farko ita ce kundin lafiya na kwamfuta, magajin kati da fayil. A ciki ake ajiye tarihin mutum: ciwon da ya yi, maganin da ya sha, wanda jikinsa ba ya so, da sakamakon gwaji. OpenMRS, wadda aka soma aiki da ita a Eldoret ta Kenya don masu cutar ƙanjamau, tana cikin sanannun irinta, kuma kyauta ce. Sai dai kundi na asibitin da ya rubuta shi ne. Majiyyaci yana fita ƙofa, aikinsa ya tsaya.

Ta biyu ita ce manhajar turawa, wadda ke raka mutum a hanya. Ungozoma tana latsa "tura", saƙo zai isa babban asibiti kafin raksha ta isa, ɗauke da awon jini da sunan allura da lokacin da aka yi ta. Can za su amsa: mun karɓa, ko kuwa ɗakin tiyatarmu babu wuta, a kai ta wani wuri. Daga lokacin agogo ya fara ƙirga. In awa biyu ta wuce ba a rubuta isowarta ba, sunanta zai koma ja a wayar markaz, sai a kira mijin. Bayan sallama kuma amsa za ta dawo: an yi mata aiki, ga maganin hawan jini, a duba ta ranar kaza. Wannan amsa ita ce ta fi ɓata a tsarin takarda, domin likitan da layi ya yi wa yawa ba ya zama rubuta wasiƙa zuwa markaz.

Amfanin yana fitowa ne in an haɗa su biyun. In kowace tana zaman kanta, ma'aikaci ɗaya zai rubuta suna da shekaru da magani sau biyu, ga mutane suna jira a benci, ba a jima ba zai watsar da ɗaya. Saboda haka aka samar da ƙa'idar FHIR, wani harshe na bai-ɗaya da ke sa manhajar wannan kamfani ta karanta bayanan ta wancan. Akwai kuma batun lamba. A unguwar da masu suna Muhammad Adam ba su ƙirguwa, in ba a ba kowa lamba guda da za ta bi shi ko'ina ba, wata rana sakamakon wani zai faɗa kundin wani. Ma'aikatar lafiya ta Sudan, kamar ta Najeriya, tana tara alƙaluma da DHIS2 ta Jami'ar Oslo. Rahoton wata zai nuna mata mutum nawa aka tura, amma jimilla ba ta faɗin ko waccan mai cikin ta isa da rai.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ya tona asirin giɓin da ke tsakanin markaz da babban asibiti. Hajj Yusuf ta zauna a hannun RSF har farkon 2025. A Nuwamba 2023 aka karya gadar Shambat da ke haɗa Bahri da Umdurman, alhali asibitin Al-Nau na Umdurman yana cikin 'yan ƙalilan da suka rage a tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 70 cikin 100 na asibitocin yankunan da ake gwabzawa sun daina aiki. Masu wankin ƙoda da masu ciwon daji suka gudu Wad Madani, ita ma ta faɗi a Disamba 2023, suka sake ɗaukar ƙafa zuwa Atbara da Port Sudan da Masar. Da yawansu sun bar fayilolinsu a gine-ginen da aka wawashe, sabon likita sai ya dogara da abin da majiyyaci ya tuna.

Matasan "ɗakunan agajin gaggawa", 'yan sa-kai na unguwanni waɗanda aka ba lambar yabo ta Rafto a 2025, su suka toshe wani ɓangare na giɓin. Ta WhatsApp suke cigiyar inda likita yake, inda ake da jini, da hanyar da za ta biyu. Turawa ce ta hannu, mai dogaro da sanayya. Da aka yanke layukan sadarwa a Fabrairu 2024, ita ma ta tsaya cak, sai wanda ya iya biyan kuɗin awa a wurin masu intanet ɗin Starlink.

Wanda zai kawo manhaja Hajj Yusuf yau, ga darasin da ya tarar a ƙasa. Dole ta yi aiki ko babu intanet, ta ajiye bayani a waya har sabis ya dawo, ta kuma iya aika gajeren saƙon tes. Ruwanda ta bi masu ciki da irin wannan saƙo a tsarinta na RapidSMS. Dole a tanadi sola, domin a Mayun 2025 harin jirage marasa matuƙi a kan tashoshin wuta ya tsayar da famfo, kwalara ta biyo baya a Khartum. Kada a jefar da takarda, a bar kwafi a hannun majiyyaci. A kuma kulle bayanan da kyau, don a ƙasar da aka kama mutane saboda ƙabilarsu ko raunin da ke jikinsu, jerin sunaye makami ne.

Manhaja ba ta haifar da gado, ba ta zuba mai a motar asibiti. A arewacin Najeriya sai da aka haɗa kai da direbobin ƙungiyar NURTW kafin mata masu naƙuda a wasu ƙauyuka su samu abin hawa cikin dare. Abin da manhaja ke yi shi ne ta hana mutum ɓata ba a sani ba.

Yanzu da mutane suke komowa Khartum ana gyaran asibitoci, lokacin ɗaura igiya tsakanin markaz da babban asibiti ne, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Mai karatu, ko a Hajj Yusuf kake ko a Fagge, in ka shiga asibitin unguwarku ka tambayi shugabansa: cikin mutum goma da kuka tura watan jiya, nawa kuka san makomarsu?