Haruna Dula: ɗan ƙasa da ya fara kai Mena gasar kofin Afrika

Ba a auna aikin mai horas da ƴan ƙwallo da wasa guda, sai an tara shekarunsa an yi lissafi. To, ga lissafin Haruna Dula Gabde, wanda aka damƙa wa ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasarmu, wato Mena, cikin shekarar 2009.

A lokacin nan Nijar ba ta taɓa zuwa gasar cin kofin Afrika ba. Wajen neman shiga gasar 2012, ƙuri'a ta gama ta da Afrika ta Kudu da Saliyo da kuma Masar, wadda ta ɗauki kofin sau uku a jere, 2006 da 2008 da 2010. Dula ya kafa ƙarfinsa a gida, a filin wasa na Janar Seyni Kunce da ke Yamai. Ran 10 ga watan Oktoba 2010 Mena ta ci Masar 1 da 0, Musa Ma'azu ne ya jefa ƙwallon. Cikin 2011 ta ci Saliyo 3 da 1, ta kuma ci Afrika ta Kudu 2 da 1. Amma wasanni ukun da ta yi a waje duk an cinye ta, ko ƙwallo ɗaya ba ta jefa ba.

Da aka gama, Nijar da Afrika ta Kudu da Saliyo kowace tana da maki 9. Dokar hukumar ƙwallon Afrika, CAF, ta ce in an yi kunnen doki, wasannin da ke tsakanin ƙasashen ake dubawa. Nan Nijar ta fito da maki 6, sauran biyun 5 kowace. Ƴan Afrika ta Kudu har sun yi rawar murna cikin fili bisa zaton yawan ƙwallaye ne ke raba gardama, daga baya suka ji Nijar ce ta wuce. A watan Disamba 2011 CAF ta zaɓi Dula gwarzon masu horaswa na Afrika.

Daɗin bai daɗe ba. A wasan farko na gasar, cikin Janairu 2012 a Libreville, Gabon ta ci Mena 2 da 0. Nan da nan aka miƙa ragamar ga Bafaranshe Rolland Courbis, wanda da ma aka ɗauko don ya ba da shawara. Canjin bai yi magani ba: Tunisiya ta ci 2 da 1, Maroko ta ci 1 da 0.

Mai haƙuri yakan dafa dutse. A farkon 2023, a gasar CHAN ta ƴan wasan cikin gida da aka yi a Aljeriya, Dula ne ya sake jan Mena. Ta ci Kamaru 1 da 0, ta ci Gana 2 da 0, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Can Aljeriya ta lallasa ta 5 da 0, ta ƙare ta huɗu.

Lissafin nan yana da nasara, yana da faɗuwa, amma babban abin cikinsa ɗan ƙasa ne ya yi shi da ƴan ƙasa. Ya kamata hukumomin wasanni, tun daga Yamai har Dogon Dutsi da Tibiri, su riƙe wannan. Malamin da ke horas da yaran lakwal a filin gari yana bukatar ƙwallo da horo da lokaci, kada a yanke masa hukunci ran da aka fara cin yaransa.