Darar da Ba a Rubutawa: Darasi daga Wasan Ces

A gasar ces, wato darar Turawa, doka ta wajabta wa ɗan wasa ya rubuta kowane motsi, nasa da na abokin karawarsa. Fagen yana da gida 64, ana kiran layukan tsaye da haruffa daga a zuwa h, na kwance kuma da lambobi daga 1 zuwa 8. Hukumar ces ta duniya, FIDE, wadda aka kafa a Faris a 1924, ta karɓi ma'aunin Elo a 1970 domin auna ƙarfin ƴan wasa. Da rubutun da ma'aunin, mai koyo na iya ɗauko wasan waɗanda ba su kai gwanaye ba, ya bi shi daki-daki. Irin wannan wasa yakan fi na gwanaye amfani gare shi, domin kuskuren a fili yake, kuma irin nasa ne.

Tamu darar ba ta sami wannan gata ba. A Maijirgi, cikin gundumar Tasawa, kamar sauran garuruwan jihar Maraɗi, a ƙasa ake tona gida 30, layi biyar na gida shida-shida. Kowa na da ƴaƴa 12, wani kara, wani tsakuwa. Bayan an gama zubi sai a shiga turawa, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokinsa ɗaya. Da an tashi, ƙafa da iska sun share fagen.

Ga ɗalibin harshe, asarar biyu ce: wasan ya tafi, maganar da ta raka shi ma ta tafi. A bakin fage ake jin zambo da habaici da gardamar ƴan kallo, a nan kuma karin harshe ke fitowa ba ado. Inda Bakano zai ce ƴaƴan dara, mutumin Maraɗi ɗiyan dara zai ce.

Aro daga ces zai wadatar. A ba layukan tsaye haruffa a zuwa f, na kwance 1 zuwa 5, a naɗi murya da izinin masu wasa, a rubuta kowace magana kusa da motsin da ya jawo ta. Kada a tsaya ga gwanaye, domin su sukan yi shiru. Sai ɗan koyo ya yi kuskure bakin kowa ke buɗewa.