Tsohon Hoton Waya Cikin Rigar Baƙi da Fari

A Arewa House, gidan Sardauna da ke titin Rabah a Kaduna wanda aka mayar cibiyar binciken tarihi, akwai hotunan baƙi da fari na zamanin Firimiya da muƙarrabansa. Suna da kwarjini, ko da mutum bai san kowa a ciki ba. Wannan kwarjinin ne masu wasa da hoto ke farauta yanzu, amma ba da fim ba. Sai su tono hotunan da aka ɗauka da Nokia ko BlackBerry shekara goma sha biyar ko ashirin da suka wuce, na yawon sallah a Gamji ko na tafiyar ɗalibai Yankari, su zuba cikin Snapseed ko Lightroom su cire launi. Hoton da a da ake kunyar nunawa sai ga shi ya yi kyau.

Akwai dalili. Na'urar da ke karɓar haske a kyamarar zamani ba ta ganin launi, yawan haske kawai take aunawa. Kyamarar zamani ta farko ma, wadda Steven Sasson ya haɗa a kamfanin Kodak a 1975, baƙi da fari take ɗauka. Launi ya samu ne da dabarar wani ma'aikacin kamfanin, Bryce Bayer, wadda aka yi wa rajista a 1976: a rufe kowane ɗigon na'urar da 'yar matata mai launi guda, rabinsu kore, kwata ja, kwata shuɗi. Ke nan kowane ɗigo launi ɗaya yake gani, sauran biyun ƙiyasta su kyamara take yi daga maƙwabtansa. Sannan tsarin JPEG na 1992 ya kan zubar da wani kaso na bayanin launin don fayil ya yi sauƙi, tunda idon ɗan Adam ya fi lura da haske da duhu. Shi ya sa launi ne gurgun sashe a tsohon hoton waya. Hoton da aka ɗauka da magariba ka gan shi cike da ɗige-ɗige ja da kore a fuska da bango. Da an cire launi sai su koma toka-toka, su yi kama da tsabar da ake gani a hoton fim.

Kama ce dai kawai. Tsabar fim ƙwayoyin azurfa ne da haske ya taɓa, maganin wankin hoto ya baƙanta su, kuma a warwatse suke ba tsari, manya da ƙanana. Fim ɗin Tri-X da Kodak ya fitar wa ƙananan kyamarori a 1954 ya yi suna ne da wannan tsabar, 'yan jarida suka rungume shi. Shi kuwa JPEG yana yanka hoto murabba'i-murabba'i, ɗigo takwas tsawo takwas faɗi, kuma idan aka matsa wa hoton lamba layukan sukan bayyana. Tsabar da manhaja ke yayyafawa rufa musu asiri take yi. Wani bambancin ya fi wannan ciwo. Fim yana haƙuri da haske mai yawa, a hankali yake miƙa wuya. Tsohon hoton waya kuwa matakai 256 gare shi daga baƙi ƙirin zuwa fari fat, abin da ya wuce nan ya tafi ke nan. Farar babbar rigar da rana ta haske a dandalin Murtala, babu manhajar da za ta maido da aikin askar da ke ƙirjinta. Ta dai ƙirƙiro wani.

Inda gwaninta take shi ne haɗa launukan. Lissafin da aka saba yana ɗaukar kusan kashi 59 cikin ɗari daga kore, 30 daga ja, 11 daga shuɗi. Idan aka bar manhaja ta yi gaban kanta, rigar dogari mai ja da kore tana iya zama toka guda, a rasa inda wannan ya tsaya wancan ya fara. Sai an ɗaga ɗaya an danne ɗaya. Fatarmu ta fi maido da jan haske a kan shuɗi, don haka ƙara ja kan buɗe fuska, ya kuma duhunta sararin sama gajimare su fito. Masu hoton dā da jan gilashi ko rawaya a bakin kyamara suke yin wannan. Hoton hunturu kuwa, wanda hazo ya riga ya shanye launinsa, shi ya fi kowanne karɓar wannan aiki.

Abin da ke ɗan damuna shi ne Kaduna gari ne mai saurin sauya kama. An rushe otal ɗin Durbar, wanda aka gina don bikin FESTAC na 1977, a Janairun 2020. Gadar Kawo ta yau ba ita ce ta shekara goma da suka wuce ba. Hoton da wani ya ɗauka a wuraren nan a 2008, komai muninsa, ya zama shaida, kuma launin fentin bango da na motocin haya yana cikin shaidar. A sa masa rigar baƙi da fari, a yayyafa tsaba, a tura shi Facebook da taken "Kaduna a dā", ba wuya a ɗauka na zamanin Gowon ne. Kyamara kan ɓoye ranar ɗauka da sunanta a cikin fayil ɗin, amma WhatsApp yana goge wannan bayani, ya kuma rage girman hoton, idan an tura shi yadda aka saba. Masu sana'ar kan yi aiki a kan kwafi su bar na asali da launinsa, idan kuma za su aika wa wani sai su tura shi a matsayin fayil, don ta haka ne kwanan watan ke isa tare da hoton.